Damar Kunkuru

A makarantarmu sunana na yanka ya ɓace. Daga mai gadi har Shugaba, Uwar Kunkuru suke ce min, wasu a gaban idona, wasu sai na ba da baya. Tun ina ɓata rai har na koma amsawa, don wanda ya ce zai biye wa bakin ɗakin malamai hawan jini ne zai kai shi ƙasa. To tunda yau na zauna zan ba ku labarin abin da ya haɗa ni da mai neman aurena, dole in fara da kunkurun, in ba haka ba za ku ce rigima ce kawai irin tawa.

Ba na daji ba ne. Wani ɗan mutum-mutumi ne na roba, kore, bai fi girman kwanon sha ba, da tayoyi a ƙasa da idanu masu kawo wuta. A gadon bayansa akwai maɓallai: gaba, baya, dama, hagu, sai wani babba a tsakiya wanda in ka danna zai tashi ya aikata duk abin da ka faɗa masa bi da bi. An kawo mana shi a cikin akwati tare da 'yan ƙananan kwamfutocin hannu da wata shimfiɗar leda mai gida-gida, kowane gida da lambarsa. Akwatin ya daɗe a sito ba wanda ya kalle shi. Ranar da Shugaba ta tambaya a taro wa zai karɓa ya koya wa 'yan aji biyu lissafi da shi, kowa ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. Ni da kauɗina na ɗaga hannu.

Yadda abin yake, ka ajiye Kunkuru a gida na uku, ka ce wa yaro ya kai shi gida na bakwai. Yaron da jiya yake ƙirga yatsu yana hawaye, yau zai durƙusa ya danna gaba har sau huɗu, ya bi shi da rarrafe yana cije leɓe. In Kunkuru ya tsaya a kan bakwai, ba ni na gaya masa uku da huɗu bakwai ba, shi ya gani da idonsa. In kuma ya zarce, ba duka ba zagi, sai mu koma mu duba inda umarnin ya karkace. Masu abin suna ce masa kodin. Ni dai abin da nake gaya wa yara shi ne Kunkuru ba shi da wayo ko kaɗan, ba ya jin abin da kake nufi, abin da ka faɗa kawai yake ji.

Daga ranar da na karɓi akwatin nan ɗakin malamai ya daina zaunuwa gare ni. Malamar aji biyar ce ta raɗa min sunan. In na shigo ɗibar ruwan zafi sai ta ɗago kai ta ce, "Uwar Kunkuru, an shayar da jariri?" Wai caji take nufi. A yi dariya, ni ma in yi, in fita. Su suna fama da alli, ni ina ƙasa ina wasan 'yartsana, haka suke gani. Sai na koma cin abincina a aji, ni kaɗai, kwamfutocin suna jere a kan tebur kowacce da igiyarta a bango. Ban damu sosai ba, domin da an kaɗa ƙararrawa yaran nan za su shigo da gudu suna rige-rigen zama kusa da ni. Duk duniya a ajin nan ne kawai nake magana a saurare ni har in kai ƙarshe.

A gida kuwa daga ni sai Umma. Baba ya rasu, Yaya yana wani gari da iyalinsa, ƙanwata da ke bi min ta yi aure ta bar ni. Kujeru uku ne a falonmu, masu ruwan ƙasa, kowacce da farin ƙyalle mai huda-huda da Umma ta saƙa da hannunta. Ta kusa da taga ta Baba ce, yanzu kayan guga ake ninkewa a kanta. Talabijin tana kunne tun safe ko ba mai kallo, wai don gidan ya yi motsi.

"Kin dawo?"

"Na dawo, Umma. Ya gida?"

"Lafiya. Abinci na kicin."

Hirarmu ke nan. Wata rana na dawo cikina fal da labari, ko mayafi ban cire ba na zauna a hannun kujerarta na ce, "Umma, yau wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta kai Kunkuru gida na goma ita kaɗai, har ta..."

"Allah ya ba da lada," in ji Umma, idonta na kan talabijin. "Yaron nan ya kira ki kuwa?"

Kada ku ɗauka Umma muguwa ce. Ita ke goge min kayan zuwa aiki, ita ke cusa min ayaba a jaka ban sani ba. Kawai dai Baba ne mai tambaya a gidanmu. Shi ne in ka fara labari zai ce, "To, sai kuma aka yi yaya?" Da ya tafi sai ya tafi da tambayar, ni da Umma muka zauna muna son juna a shiru.

Yaron nan da Umma ke faɗi ba yaro ba ne, ya ba ni shekaru. A wayata Mai Tabarau na rubuta masa. A asibitin ido yake aiki, shi ke auna idon mutane ya yanka musu gilashi. Ni na kai Umma wajensa da idonta ya fara hazo. Ya zaunar da ita, ya yi ta canza mata gilasai yana tambayarta wanne ya fi, da haƙuri kamar ba layi a waje. Umma ta fito tana karanta duk wani allon shago da muka wuce, a ƙarshe ta ce, "Wannan ɗan mutunci ne." Ban san lokacin da ta ba shi lambata ba.

Kuma ɗan mutuncin ne, ba zan ci amanarsa ba. Ba ya ƙarya, ba ya cika baki, in ya ce zai zo zai zo. Watanni muna tare, ya ce iyayensa suna son zuwa, ni kuma na riƙe amsa. Umma ta yi magana ta gaji ta kai ƙarata wajen Yaya. Shi Yaya ba ya rubutu, saƙon murya yake turowa, dogo, da ƙarar mota a bayansa.

"Ke wai me kike jira ne? Mutum ya zo da gaskiyarsa kin bar shi a rataye. Ƙanwarki ta yi, ke kina nan kina wasa da yaran mutane. Umma ba ta barci saboda ke, kin sani? Ki yi wa Allah ki ba bawan Allahn nan amsa."

Abin da nake jira ban iya faɗa wa Yaya ba, amma ku zan gaya muku. Ƙanwata tela ce ta gaske, har masu koyo gare ta kafin aure. Yau kekenta yana bayan ƙofar ɗakina an lulluɓe shi da tsohon zani. Ba wanda ya hana ta ɗinki, mijinta bai taɓa cewa uffan ba. Yau gajiya, gobe baƙi, jibi an manta. Duk safiya in ina ɗaura ɗankwali sai na ga keken nan ta madubi. Tsorona ɗaya ne, kada aure ya raba ni da ajina.

Kuna iya cewa me ya hana ni tambayarsa kai tsaye. Girman kai ne da tsoro suka haɗu. In na tambaya ya ce "ba komai, ki ci gaba," ai haka mijin ƙanwata ma ya ce. Ni so nake ya gani da idonsa, ya gane ba sai na roƙa ba.

Da safe saƙonsa ya shigo ina cikin motar haya.

"Malama, an tashi lafiya? Jiya Yayanki ya kira ni."

"Ni ma ya turo min saƙon murya. Har yanzu kunnena bai huce ba."

"Ba na son a matsa miki. Sai dai Babana yana ta tambaya."

"Ka zo ka ga ajina tukuna."

"Jarrabawa za a yi min?"

"'Yan aji biyu ne za su yi maka. Sun fi ni tsanani."

"Na shiga uku. In zo da fensir?"

Na yi dariya ni kaɗai har matar da ke kusa da ni ta leƙo wayar.

Jarrabawar kuwa akwai ta, ko da yake ba ni na tsara ba. Akwai kuskure ɗaya da duk wanda ya taɓa Kunkuru sai ya yi. Muddin ya ba ka baya, damarka damarsa ce, komai lafiya. Amma da zarar ya juyo yana kallonka, damarsa ta koma hagunka. Sai mutum ya ga gidan da yake so yana hannun damarsa, ya danna dama, Kunkuru ya juya ya nufi bango. Duk yaran sun yi wannan kuskure, wasu har da kuka. Na sha wahala kafin in samo maganinsa: in yaro ya kai hannu zai danna sai in ce, "Damar wa?" Aji ya amsa, "Damar Kunkuru." Sai yaron ya tashi ya zagaya ya tsaya a bayansa, ya kalli inda yake kallo, sannan ya danna. Da suka gane sai abin ya zame musu tarko. Duk babban da ya shigo ajin sai sun juya masa Kunkuru ya fuskance shi, su yi tsit suna jira. Shugaba ta faɗa. Mai duba makarantu da ya zo da ƙatuwar jakarsa ya faɗa, har Kunkuru ya shige ƙarƙashin kabad.

Ranar da zai zo na canza kaya sau ba adadi. A ƙarshe na sa doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan furanni a bakin hannu, da mayafi ruwan madara, da takalmi marar tudu, don aikina na durƙuso ne. Na ɗan zizara kwalli, abin da ban saba yi ranar aiki ba. Umma tana shan shayi ta dube ni ta saman tabaraunta.

"Yau kuma baƙi za ku yi?"

"Shi ne zai zo ganin aji."

"Madalla," ta ce, fuskarta ta washe. "Dama na ce masa ya leƙa makarantar."

Ban tsaya tambayarta yaushe suka yi wannan maganar ba. Na makara, na fita.

Ya zo muna tsakiyar darasi. Farar riga ce a jikinsa ya naɗe hannun zuwa gwiwa, da wando ruwan toka, da siririn tabaraunsa. Ya yi sallama a bakin ƙofa, yara suka miƙe suka gaishe shi da waƙarsu ta gaisuwa mai ja. Da ya ga shimfiɗar leda sai ya cire takalmi ba wanda ya ce masa. Safarsa ɗaya ta huje a babban yatsa. Yaran gaba suka gani suka fara zungurin juna, shi kuma ya motsa musu yatsan, ajin ya fashe da dariya.

Akwai wata 'yar mitsitsiya da muke ce wa Giɓi saboda haƙoranta na gaba sun zube, ita ce sarauniyar tarko. Ta ɗauki Kunkuru ta ajiye a tsakiyar shimfiɗa, ta juya shi yana kallon baƙo, ta ce da muryar marainiya, "Kawu, don Allah ka kai mana shi gida na tara."

Ajin ya yi tsit. Wani har ya toshe bakinsa da hannu biyu tun kafin abin dariyar ya zo. Ni kuwa na rasa wanne nake so, ya faɗa ko ya tsallake.

Ya tsuguna a gaban Kunkuru, ya dubi gida na tara, ya dubi maɓallan. "Tara tana haguna," ya ce a hankali. "Amma shi kallona yake, to damarsa ke nan." Ya danna dama, ya danna gaba sau biyu, ya danna na tsakiya. Kunkuru ya juya, ya gangara, ya tsaya cak a kan tara yana ƙifta idanu.

Ba wanda ya tafa. An ƙwace musu nama a baki. Giɓi ta riƙe ƙugu ta ce, "Malama ce ta gaya maka."

"Wallahi ba ta gaya min ba. Aikina ne. Kullum mutum yana zaune a gabana yana kallona, in ce masa ya rufe idon dama. In na ɗauka damata ce tasa, sai in yanka masa gilashi a juye, ya fita yana karo da mutane."

Ya tashi ya kwaikwayi mai karo da bango, yara suka yafe masa nan take. Ni ina tsaye a jikin allo, wani abu ya narke a ƙirjina. Babban mutum na farko ke nan da ya shigo ajin nan ya tuna cewa wanda ke gabansa yana da tasa damar. Na ce a raina, ke 'yar nan, me kuma kike nema.

Bai tafi da wuri ba. Ya zauna a 'yar kujerar yara gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yana kallo na raba su rukuni-rukuni. Kowane rukuni da kwamfutar hannu ɗaya, su jera kibiyoyi a kan gilashin da yatsa, su yi gardama, sai sun yarda da hanya sannan a zo a gwada a kan Kunkuru. Ni kuma ina yawo da gwiwa daga wannan rukuni zuwa wancan, ina raba faɗa, ina goge hanci, ina cewa "damar wa" har muryata ta dishe. Kwallin ya bi zufa, rigar ruwan zuman nan ta yi baƙi a gwiwa. Ban taɓa jin daɗin darasi irin na ranar ba.

Da zai fita na raka shi bakin ƙofa. Ya dube ni sosai, ya dubi gwiwoyin rigata.

"Haka kike yi kullum? A durƙushe?"

"Kullum."

"Sannu, Malama. Gaskiya kina ƙoƙari." Ya sa takalminsa. "Bari in gaida Shugabarku in wuce, kada a ce na shigo gida ban gaida masu gida ba."

Na ɗauki sannun nan na rungume a matsayin yabo. Da aka fita hutun tara, ina zaune ni kaɗai da kwanon abincina, na ɗauko waya na rubuta masa, "Ka ci jarrabawa. Na amince." Ban tsaya dogon tunani ba na tura, don na san halina.

Ya kira nan take, kunya ta hana ni ɗauka. Sai saƙo: "Alhamdu lillahi. Akwai mai jiran awo a gabana. Bari in kira Ummanki." Na kifa wayar a kan tebur ina murmushi kamar wata sabuwar mahaukaciya. Sauran darussan ranar ban san yadda suka wuce ba.

An tashi, yara sun watse, ina naɗe shimfiɗa, sai ga Shugaba a bakin ƙofa. Mace ce mai jiki da sanyin magana, ba ta cika shigowa aji ba sai da dalili.

"Uwar Kunkuru, ashe abin arziki ake shiryawa ba mu sani ba. Allah ya sanya alheri. Yaron kirki, ga ladabi."

Na sunkuyar da kai na ce amin a ciki.

"Sai dai da kin gaya min da bakinki, 'yata. Ni ba mai hana mutum hutu ba ce. Ya ce nauyina kike ji, shi ya sa ya faɗa a madadinki."

"Ya faɗi me, Shugaba?"

"Cewa ƙarshen zangon nan za ki ajiye aiki." Ta dafa akwatin da ke kan tebur. "Na zagaya ɗakin malamai ɗazu, ba mai son karɓar wannan. Sito zai koma. Ajin kuma akwai wata da ta daɗe tana neman gurbi, in kin tabbatar min gobe sai in kira ta, kada a bar yara ba malami."

Ban san me na ce mata ba. Ina jin na ce to. Ta fita tana sa min albarka, ni kuma na zauna a ƙasa a kan rabin shimfiɗar da ban gama naɗewa ba. Kujerun yara duk an kife su a kan tebura, ba motsin kowa sai tsintsiyar mai shara daga can nesa. Na kira shi.

"Amarya," ya ce, muryarsa cike da fara'a.

"Wa ya ce maka zan bar aiki?"

"Ba haka ba ne?"

"Tambayarka na yi."

"Ummanki ce. Ta kira ni kwanakin baya. Ta ce aikin nan yana cin ki, kin rame, ba kya magana, amma ba za ki taɓa faɗa ba saboda zurfin ciki. Ta ce kina jin nauyin Shugabarku. Da kika ce in zo in ga aji, na ɗauka so kike in ga wahalar da idona. Na kuwa gani, Malama, ko muryarki ba ta fita."

Na rufe ido. Ni da nake koya wa yara cewa a faɗi abin da ake nufi, ga shi na tura mutum ya karanto zuciyata daga gwiwar riga.

"Ba wahala na kira ka ka gani ba," na ce. "Abin da na fi so a duniya na nuna maka."

Na ji ya ja numfashi. "Innalillahi. Na yi ɓarna ke nan. Ki yafe min, gobe da kaina zan koma wajen Shugaba in janye maganar." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai akwai abu ɗaya. Umma kuka ta yi min a waya. Ta ce in har ina ƙaunarki in fitar da ke daga aikin nan, kuma na yi mata alkawari. Ba zan iya zagaye ta ba. Ki yi magana da ita yau. In ta sake ni daga alkawarin, wallahi ni da kaina zan riƙa kai ki makaranta."

Hanyar gida ta yi min tsawo. Na zauna a bayan mota jikin taga, na shirya maganganu masu zafi, na jera su tsaf. Zan ce mata ta shiga rayuwata ba sallama. Zan ce ko sau ɗaya ba ta taɓa bari na kai ƙarshen labarin ajina ba, amma ta iya yanke masa hukunci. Saƙon Yaya ya shigo, gajere a karon farko: "Yanzu kika yi hankali. Allah ya yi miki albarka." Ƙanwata ta turo hotunan zuciya cike da allo. Kowa yana murna da ni, ni kuma ban taɓa jin ni kaɗai ce ba kamar a motar nan.

Tun daga ƙofar gida na jiyo ƙamshin suya. Umma tana kicin da la'asar sakaliya, ta sa rigarta mai ruwan goro da ba ta sawa sai za ta unguwa, tana juya kaza a mai tana 'yar waƙa a hanci. Rabon da in ji Umma tana waƙa tun Baba na da rai. Maganganun da na jera suka fara zubewa tun kafin in ajiye jaka.

"Ga amarya, ga amarya," ta ce. "Zo ki ɗanɗana min gishiri."

"Umma, ke kika ce masa zan bar aiki?"

Ba ta ko ɓoye ba. Ta rage wuta ta juyo tana goge hannu. "Ni ce. In ban faɗa ba ke za ki faɗa? Ke da ciwo zai kashe ki ba ki ce wash ba."

"Umma, ina son aikina."

"Kina son sa." Ta gyaɗa kai irin na an ji. "Shi ya sa kullum kika dawo sai ki shige banɗaki ki buɗe famfo? Kin ɗauka ƙarar ruwa tana rufe kuka? Ni na haife ki. Ina nan tsaye a bakin ƙofar nan da cokali a hannu ina jin ki, in rasa yadda zan yi. Ki fito ki ce min kin dawo lafiya."

Wannan ban gaya muku ba, na sani. Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauka daga ni sai bokiti muka sani. Ba kullum ba ne, amma ya fi a ƙirga. Ina sauka daga mota da surutun yara a kunnena, in buɗe ƙofar gidanmu, shirun ya tare ni a zaure, sai in wuce banɗaki in buɗe famfo.

"Ba aikin ba ne, Umma," na ce.

"To shi ne? Yaron nan ya yi miki wani abu?"

"A'a."

"Malaman ne? Wani ya zage ki?"

"A makaranta lafiya lau nake. Can ne ma nake dariya."

Ta tsaya tana kallona, man yana ta ƙara a bayanta. "To ni ban gane ba, 'yar nan. Ke ba ƙawaye ba, ba yawo ba. Makaranta kike zuwa, gida kike dawowa, ba ki da wuri na uku. In ba makarantar ba ce, ai sai..."

Ba ta ƙarasa ba. Na ga lokacin da lissafin ya fita a fuskarta, kamar yadda nake gani a fuskar yara, sai dai su murna suke yi. Ta dubi ƙofar falo, ta dubi cokalin da ke hannunta, ta ajiye shi a hankali a bakin murhu. Kazar ta fara ƙauri, ba wadda ta motsa a cikinmu.

Gobe Shugaba tana jiran amsa. In na yi shiru, Umma za ta kwana da farin cikinta, Kunkuru ya koma sito. In na buɗe baki, ajina ya tsira, amma sai na gaya wa matar da ta sa rigar unguwa don ta soya min kaza cewa a gidanta nake kuka.

Umma ta cire tabaraunta ta riƙe a hannu. Idanunta sun ƙanƙance, sun yi tsufan da ban lura da shi ba sai yau.

"'Yar nan," ta ce a hankali. "Ni ce?"